Zobba Uku a Wuyan Sulke

Da mutanen Birnin Gawasa sun san abin da zobban nan uku ke nufi, da ba a yi guɗa ba ranar da aka rataya su a wuyan 'ya'yansu. Babu wanda ya sani, wanda ya kamata ya tambaya kuma bai tambaya ba. Haka rundunar Sarki Barmo ta fita da kiɗa da busa, ta nufi Kwazazzabon Zarga sanye da kuskuren da zai ci ta.

Asalin maganar tun bara ne. Mutanen Dutsen Zarga suka tare hanyar gishiri, Sarki ya tura musu runduna, 'yan lifidi a gaba kamar yadda aka saba. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke, kibiya in ta shiga sai ta maƙale. Maharban Zarga suka ɗaura tsumma mai wuta a bakin kibansu, auduga ta kama, mutum arba'in ba su dawo gida ba. Shugabansu, Lifidi Nomau, ya dawo da tabon ƙuna daga kafaɗa har wuyan hannu. Tun daga ranar, idan ya buɗe baki a fada sai kowa ya kalli wani wuri.

Galadima Ciwake ne ya kawo shawarar a bar auduga a koma ƙarfe. Ya nemo wani falke daga bayan hamada, mai raƙuma ɗauke da sulke, aka yi ciniki a gidansa, aka biya da dawaki da jar fata. Sulken iri uku ne, kowanne an ɗaura masa zoben tagulla a wuya: wani ɗaya, wani biyu, wani uku. Mai zobe ɗaya baƙi ne, ga nauyi, ga muni. Mai uku kuwa ba shi da nauyi, in rana ta taɓa shi sai ya ɗauke ido.

Aka rataya mai uku a jikin bangon can ƙarshen filin fada, maharbi ya tsaya a bakin zaure ya sakar masa kibiya. Ta buga ta faɗi ƙasa. Mata suka rangaɗa guɗa. A Gawasa ko jariri ya san mai gashin jimina uku a hula ya fi mai ɗaya, don haka rabon bai yi wuya ba. Mai uku aka ba jarumawan gaba, mai biyu na tsakiya, mai ɗaya aka bar wa masu tsaron ƙofofin birni, tunda su ba inda za su.

Nomau yana tsaye a gefe ranar rabon. Ya ga wani zanzaro ya sauka a kan sulken da aka ware wa ɗansa, ya kutsa ta cikin ƙawanya ɗaya ta saƙar ƙarfen, ya ɓullo ta ɗaya gefen ya tashi. Ya gane inda zanzaro ya wuce, bakin kibiya ma zai wuce. Wa zai saurari mutumin da aka ƙona wa runduna?

Ɗan nasa Mazadu ne, shi kaɗai Allah ya bar masa cikin bakwai, magidanci mai 'ya'ya biyu, kuma shi aka ba tutar Sarki, wato shi ne zai fara shiga kwazazzabo. Da safen fita Nomau ya same shi yana ɗaura sirdi, ya miƙa masa wata 'yar lifidi marar hannu wadda ya ɗinka da kansa.

"Sa wannan a ƙarƙashi."

Mazadu ya yi dariya. "Baba, so kake a gasa ni kamar tsire?"

Idonsa ya kai kan tabon hannun ubansa, dariyar ta mutu. Ya sunkuyar da kai.

"Ka yafe ni, Baba. Bakina ne."

"In ƙarfe na sama wuta ba ta kai mata. Sa ta."

"Zafi zai kashe ni kafin mutanen Zarga su gan ni. Kuma in 'yan uwana suka ga mai tuta ya cusa auduga a ƙarƙashin mai uku, cewa za su yi tsoro nake ji. Ka ɗaura mini a bayan sirdi. In na ga bukata zan sa."

Nomau ya naɗe ta, ya ɗaure a bayan sirdin akawal, baƙin dokin ɗan nasa, da tsirkiyar fata, ya yi mata irin ƙullin da 'yan lifidi ke yi, wanda gudu ba ya warware shi sai an sa yatsa an zare. Ya tsaya a kan ganuwa har tutar ta ɓace a bayan itatuwa.

Washegari da hantsi Sarkin Maƙera Tunau ya aiko a kira shi. Su biyun tare aka yi musu kaciya, ba sa ɓoye wa juna komai. Ya same shi zaune da sulke biyu a kan tabarma, wuta ta mutu a maƙera bai kula ba.

"Zauna, Lifidi. Wannan baƙin na mai tsaron Ƙofar Yamma ne, ya kawo in rage masa nauyi. Wannan mai ƙyallin na Galadima ne, an kawo in goge. Kawo yatsanka." Ya ɗora yatsan Nomau a kan baƙin. "Ka ji wani ɗan ƙullutu? Kowace ƙawanya an huda bakinta an buga mata ƙusa. Aikin shekara ne wannan. Yanzu taɓa na Galadima."

"Sumul."

"Baki da baki aka haɗa kawai." Tunau ya sa tsinken ƙarfe a ƙawanya ɗaya ya murɗa kaɗan, ta buɗe. Ya mayar da ita da awartaki. "Ni maƙeri ne, ban san lissafin mutanen hamada ba. Amma ban taɓa ganin inda aka fi wahala a kan abin da ya fi arha ba."

"To me ya sa kibiya ta faɗi a fada?"

"Shi za mu je mu tambaya. Falken ya tafi, amma ya bar wani tsohon Buzu a zango, raƙumi ya karya masa ƙafa."

Sunan tsohon Agali. Suka same shi a ƙarƙashin tsamiya, ƙafa ɗaure da karare. Buzu da maƙeri abokan wasa ne, don haka ko sallama ba su gama ba ya fara.

"Ga bawana ya zo. Da guduma za ka gyara mini ƙafar?"

"Zuwa na yi in ga ko ka mutu, in gaji raƙumin," in ji Tunau. "Amma yau ba wasa ya kawo ni ba. Wannan Lifidi ne. Ɗansa ke riƙe da tuta. Gaya masa abin da zobban wuyan sulke ke nufi."

Agali ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu mai murmushi.

"Taku ne mana. Kowane zobe taku ashirin. Maƙeran can suna rataya sulke su harbe shi, su yi ta matsowa har inda ya daina ɗauka. Wanda ya tare kibiya daga taku ashirin, zobe ɗaya. Wanda sai daga arba'in, biyu. Mai uku sai maharbi ya yi nisan taku sittin. In ya matso ƙasa da haka, riga ce kawai mai sanyi. Takobi dai yana tarewa, ba laifi."

Nomau ya matsa gefe. Ya dafa tsamiyar. Filin fada ya fi taku saba'in, ya sani, don a nan yake jera mutanensa. Kwazazzabon Zarga kuma ya san shi fiye da kowa. Daga hanya zuwa duwatsun da maharba ke laɓewa, wani wurin bai kai taku goma sha biyar ba.

"Maigidanka bai faɗi haka ba wurin ciniki?"

"Ya fara faɗa, ina wurin ina sauke kaya. Tafinta ya kai kan zobe na biyu, Galadimanku ya ɗaga hannu ya ce ba a zo gidansa a koya masa ƙirga ba, ya san uku ta fi ɗaya. Maigidana ya sake farawa, tafinta ya ce masa ba a maimaita wa Galadima magana. Da na ga masu tsaron ƙofa sanye da mai ɗaya, sai na ce to, mutanen nan ƙofarsu suka fi so a kan 'ya'yansu. Kowane gari da halinsa."

Nomau bai tsaya jin ƙarshe ba. Tunau ya bi shi da sulken biyu a kafaɗa, ya miƙa wa baran Galadima na ubangidansa a ƙofar fada, ya riƙe baƙin.

Ana tsakiyar zaman fada. Galadima ya karɓi sulkensa ya sa a kan riga don mutane su gani, yana zaune dama da Sarki. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, bai jira an ba shi izini ba.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Na san bakina ba shi da daraja a zauren nan tun bara, ban kuma ce ya kamata ya yi ba. Amma yau in na yi shiru, gobe ba sauran wanda za a yi wa magana. Zobban wuyan sulke ba girma suke ƙirgawa ba, nisa suke ƙirgawa. Mun ba jarumanmu mafi rauni, mun bar mafi ƙarfi yana gadin ƙyaure."

Ya faɗi abin da Agali ya faɗa, bai rage ba, bai ƙara ba. Galadima ya gyara zama, ya yi murmushi irin na wanda ya daɗe yana jiran wannan rana.

"Zaki, ka ji shaidun da aka kawo maka: maƙerin da bai taɓa ƙera sulke ba, da mai jan raƙumi da zazzaɓin karaya ke sa shi surutu. Wanda ya kawo su kuwa shi ne ya kai mana mutum arba'in aka babbaka. Tun ranar da ƙarfe ya shigo birnin nan audugarsa ta rasa mai saye, rawaninsa ya rasa mai gaisarwa. Kowa a nan ya ga kibiya ta faɗi da idonsa. In aka aika wa Madawaki, jagoran rundunar, cewa rigar da ke jikin mutanensa banza ce, da wace zuciya za su shiga Zarga? Wanda ya karya zuciyar runduna a bakin daga, Zaki, abokin gaba ne ko da a gidanka aka haife shi."

Wasu fadawa suka ce gaskiya ne. Sarki Barmo bai dubi kowa ba, sai sandar da ke hannunsa.

"Lifidi, kana da abin cewa?"

"Ranka ya daɗe, rawanin ga shi." Ya warware shi ya ajiye a ƙasa. "A ba wanda ake so. Ɗa ɗaya gare ni, shi ke gaban kowa. Ba na roƙon a yarda da maganata. Ina roƙon taku ashirin a filin fadarka, da maharbi ɗaya."

Ya karɓi baƙin sulken daga hannun Tunau, ya tuɓe babbar riga ya sa shi a kan 'yar shara. Sarki ya miƙe, dole kowa ya miƙe. Aka fita fili. Maharban birni duk sun tafi da runduna, sai tsohon Sarkin Baka wanda ciwon gwiwa ya zaunar. Aka kawo shi da bakansa. Nomau ya tsaya a gabansa, ya juya baya, ya riƙa takawa yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji, har ashirin. Ya juyo.

"Lifidi," in ji tsohon, "gwiwa ce ta tsufa, hannun bai tsufa ba. In ta shige ka yafe mini."

"Na yafe. Ja ta kamar kana saman dutsen Zarga."

Tsirkiya ta yi ƙara. Nomau ya ji kamar doki ya harbe shi a ƙirji, ya durƙushe, numfashi ya ɗauke masa. Da idonsa ya washe sai ya ga kibiyar a ƙasa gabansa, bakinta ya lanƙwashe. Ya lalubi ƙirjinsa, babu jini, sai dai wani haƙarƙari da ke sukarsa in ya ja iska. Ya miƙe da ƙyar, ya matsa gefe ɗaya, ya nuna sawun ƙafarsa a ƙasa.

"Ga wurin, Galadima. Naka mai uku ne, ya ninka nawa."

Galadima ya dubi sawun, ya dubi bakan, ya dubi Sarki.

"Zaki, ba a taɓa ɗaga wa Galadiman Gawasa baka a gaban Sarki ba. Ba kaina nake karewa ba, sarautar nake karewa."

"To a bar Galadima," in ji Sarki. "A harbi rigarsa."

Aka zare masa sulken, aka sa wa taikin gero, aka jingina shi daidai kan sawun Nomau. Tsohon ya sake ja. Wannan karon ba a ji ƙarar ƙarfe sosai ba. Kibiyar ta nutse har rabi. Da aka zare ta, gero ya fara tsiyaya ta cikin ƙawanyar da ta buɗe, yana zuba a kan ƙasa, kuma filin ya yi shirun da kowa ke jin zubarsa.

Sarki ya daɗe yana kallon geron.

"Mutum nawa ke sanye da irin wannan?"

Tunau ne ya amsa. "Ɗari da ashirin, ranka ya daɗe. Baƙin kuma sittin ne, suna ƙofofi."

"A tuɓe su duka yanzu, a ɗora wa dawakin bargata. Lifidi, ɗauki rawaninka. Madawaki ya ce mini zai huta kwana ɗaya a bakin kwazazzabo, ya shiga jibi da safe. Ka riske shi kafin nan, ka ce na ce kada kowa ya shiga sai baƙin sulke na gaba." Ya juya. "Galadima zai zauna nan kusa da taikin nan. Kada a share geron, kada a kawo masa inuwa, har labari ya zo."

Nomau ya fita ta Ƙofar Yamma kafin azahar da mutum goma da dawaki ashirin. Kowane taku na doki sai haƙarƙarin ya soke shi, ya ɗaure ƙirjin da rawanin da aka mayar masa. Tafiyar da runduna ta yi a kwana biyu suka haɗa a kwana ɗaya, doki uku suka faɗi aka raba kayansu. Duk hanya lissafi ɗaya yake yi: jibi da safe, in ji Sarki, shi kuwa zai isa gobe da rana. Akwai sauran lokaci. Ya riƙa faɗa wa kansa haka har ya fara yarda.

Washegari rana ta ɗan karkata suka hango duwatsun Zarga. Kafin su hango sansani suka fara jin ganga, kuma ba kiɗan hutu ba ne. Sannan suka fara cin karo da mutane a gefen hanya, wasu zaune, wasu kwance, sulkensu na ƙyalli a rana, kibau tsaye a jikinsu.

Madawaki yana bakin kwazazzabo a ƙasa, an ɗaure masa cinya. Da ya ga Nomau ya kawar da kai.

"'Yan leƙen asiri suka ce mini babu kowa a duwatsun. Na ce me za mu jira, muna da mai uku. Muka shiga da hantsi. Ciyawar gamba ta fi mutum tsawo a ciki, Lifidi. Suka bari sai da muka yi nisa. Wallahi kamar ba mu sa komai ba."

"Ina na gaba?"

"An yanke su daga gare mu. Suna can tsakiya, wajen wani dutse mai kama da turmi. Sau biyu na tura a ɗauko su, sau biyu aka dawo mini da gawa."

"Mai tuta fa?"

Madawaki ya nuna da haɓa. Can gefe wani barde yana riƙe da linzamin akawal, kibiya a gindin wuyan dokin, sirdi babu kowa. Nomau ya tafi wurin dokin. Akwai jini a kan sirdin, bai san ko na doki ba ne ko na mahayi. Ya zagaya baya. 'Yar lifidin ba ta nan. Ya kamo tsirkiyar fatar da ke reto, ya bi ta da yatsa har ƙarshe, ya sake bi. Ba a yanke ta ba, ba ta kuma tsinke ba. Zare ƙullin aka yi.

Ya saki tsirkiyar. Sannan ya juya ya ce a sauke kayan.

"Madawaki, Sarki ya ce baƙin sulke ne zai shiga gaba. Ba ni mutum hamsin da tara masu sauran ƙafa. Ba doki, a ƙasa za mu shiga, garkuwa a fuska. Ku gaya musu wannan yana ɗauka daga taku ashirin, ni aka harba a ciki jiya, ga ni tsaye. In maharbi ya fi haka kusa, ban yi wa kowa alkawari ba."

Mutanen da ke zaune sun sunkuyar da kai suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, suna zare mai ƙyalli suna yarwa, suna karɓar baƙi. Nomau ya shiga gabansu. Da ya hau ɗan tudun da ke bakin kwazazzabo ya ɗaga ido, sai ya hango ta can nesa, sama da kan gamba, kusa da dutsen mai kama da turmi. Tutar Sarki tana tsaye, tana ɗan karkata tana miƙewa, alamar hannun mutum ne ke riƙe da ita.

Ya sa ƙafa cikin gamba. Bai san ko Mazadu ya sa 'yar lifidin kafin kibau su fara sauka ba, ko kuwa ya ba wani ne. Bai kuma san ko hannun da ke riƙe da tutar nan na ɗansa ba ne.